Shekarar da Na Zuba Gahawa a Dublin

Yusuf, Hanan, da Hausa zan rubuta muku wannan, ko da yake na san Larabci ya fi zama a bakinku. Abin da ba ku gane ba ku tambayi uwarku. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, kuma daga bakinka ta fito, Yusuf, ranar da na kira ka a Kano na shaida maka kakarku, wadda kuke kira Sitti, ta rasu. Ka yi salati, sannan ka ce, "Allah ya yafe mata abin da ta yi mana." Na san inda ka nufa. Kun taso kuna ji a gida cewa an taɓa ba ni aiki a Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, aikin da zai kai ku ga zama 'yan ƙasa, kakarku ta hana. Shekara takwas ke nan maganarka tana ci mini rai. Yanzu hannu ya fara rawa, gara in faɗi yadda aka yi tun ina iya rubutu.

A unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ni, wannan kun sani. Amma haihuwa a Jidda ba ta mai da mutum ɗan Jidda a takarda. Fasfona na Najeriya ne, ƙasar da sau biyu kacal na taɓa takawa, zamana kuwa a garin da aka yanke mini cibi yana rataye ne da iƙama, takardar zaman nan da ake sabuntawa in kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya maka, ya yarda. Ku biyu da uwarku da Inna, wato kakarku, duk a ƙarƙashin tawa iƙamar kuke, ranar da ta faɗi kowa ya faɗi. Inna tana amarya ta baro ƙauyensu a ƙasar Haɗeja, ita da mahaifina, da ƙafa. Sun ratsa Chadi, sun tsaya a Sudan suna tsinkar wa mutane auduga don su sami guzuri, sai da suka shekara huɗu kafin su ga teku. Ta binne ɗanta na fari a hanya, a wurin da ko sunansa ba ta riƙe ba. Ni Ɗanjidda take kirana, domin sunan mahaifinta aka sa mini, bakinta ba ya iya faɗa. Tun ina yaro ban taɓa jin ta roƙi gida ko zinariya ba. Addu'arta ɗaya ce, Allah ya sa a yi mata salla a Harami, a binne ta a Makka.

Sana'ata kun raina ta kuna yara, kada ku musa. Hanan, ke ce kika rubuta wa malamarku cewa babanki mudir ne, wato manaja, a otal, alhali gahawa nake zubawa a zauren baƙi. To, bari in gaya muku, ba kowane mudir ne zai iya aikina ba. Dalla, wato butar gahawa, a hannun hagu take zama, ƙananan finjalai a dama. Ba a cika finjali. Ɗan kaɗan ake zubawa, domin cika shi tamkar ka ce wa baƙo ya sha ya tashi ne. Mai zuba ba ya zama, ba ya magana, ba ya barin gaban baƙo. In baƙo ya miƙo maka finjali haka kawai, ƙari yake so, sai ka ƙara. In ya ƙoshi, sai ya ɗan girgiza finjalin tsakanin yatsunsa kafin ya miƙo. Girgizar nan ita ce halas ta Larabawa, wato an gama. Muddin ba ka gan ta ba, ba ka da ikon daina zubawa, ko da dalla za ta ƙare a sake dafa wata. Haka na koya, haka na yi shekara ashirin ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Yusuf kana da tara, Hanan kina da shida. Wani attajirin Jidda mai shigo da nama da madarar gari, wanda ya saba zama a zaurenmu, zai jagoranci 'yan kasuwa zuwa Ireland, kuma zai yi wa manyan birnin Dublin walima. Ya ce ba zai karɓi baƙi da gahawar Turawa ba. Shi ya yi wa kafilina magana, aka buga mini izinin fita da dawowa, na ɗaure dalla biyu da waken gahawa da hel, kayan ƙamshinta, a jaka, na hau jirgi.

Ban san akwai kore irin wannan a duniya ba. Tun daga sama na manna goshi da taga ina tasbihi, har na kusa da ni ya tambaye ni ko lafiya. Ruwan samansu ba ya tsawa, ba ya gargaɗi, yayyafi ne yake sauka yini guda, mutane suna tafiya a cikinsa ba wanda ya damu. Kogi ya raba birnin biyu, gadoji a jere a kansa. Lokacin zafinsu ne wai, ni kuwa da riga uku a jikina, rana kuma ta ƙi faɗuwa, na yi la'asar na zauna jiran magariba har na fara zargin agogona.

Otal ɗin da muka sauka ne ya fara karya mini abin da na sani. A Jidda, in ana son a nuna maka girma, sabon abu ake nuna maka, marmara mai sheƙi, gilashi har sama. Wannan kuwa tsohon gini ne na jan bulo, yana kallon wani babban lambu, a ƙofarsa siffofin mata na tagulla suna ɗaga fitilu, biyu daga cikinsu da fuska irin ta mutanenmu. A ciki katakon ƙasa yana ƙara in ka taka, ga murhu da wuta ta gaske a zaure. Na ce a raina, masu wannan wuri sun tsiyace, ko gyara sun kasa. Sai da na kwana biyu na gane ashe tsufan nan shi ne abin da suke taƙama da shi, kuma duk wani babban baƙon ƙasar nan ake kawo shi.

Ranar walima, da yamma, zaure ya cika. Magajin garin ya zo da sarƙar zinariya a wuya mai kaurin igiyar rijiya. Na fara da shi, ya sha ɗaya, ya rufe finjalin da tafin hannu yana murmushi, attajirinmu ya yi mini alama da ido na wuce. Haka na bi layi har na zo kan wani tsoho mai farin gashi da jar fuska, dogo, a tsaye kusa da ƙofa. Na zuba, ya shanye, ya miƙo, ya ce ya gode. Bai girgiza ba. Na ƙara. Ya dube ni, ya shanye, ya miƙo. Na ƙara. A Jidda uku ne iyakar mai kunya. Da muka kai biyar na ce wannan masanin gahawa ne, na ji daɗi. Da muka kai bakwai na ce gwada ni yake yi. A na tara gumi ya keto masa a goshi, ni ma ya keto mini, shi yana kallona kamar mai neman taimako, ni ina kallon yatsunsa ina roƙon Allah su motsa. Bakina kuwa a ɗinke, domin mai zuba ba ya magana. Sai a na goma sha ɗaya tafintan tawagarmu ya hango mu, ya taho da sauri.

"Ya shaikh, kashe shi za ka yi? Wannan fa shi ne mudir ɗin otal ɗin gaba ɗaya!"

"Bai girgiza ba," na ce da shi ƙasa-ƙasa.

Tafinta ya juya ya yi wa tsohon bayani. Tsohon ya dubi finjalin, ya dube ni, sai ya ɓarke da dariya har ya dafa bango. Ya ce a gaya mini, a garinsu uwarsa ta hore shi cewa in mai gida ya tsaya a kanka da buta yana miƙo maka, ƙin karɓa wulaƙanci ne. Ya ce ya riga ya yanke shawarar zai mutu a nan tsaye don kada ya kunyata ƙasarsa a gaban Larabawa. Ni dai ban yi dariya ba. Kunya ta rufe ni, na tabbata gobe za a sa ni a jirgi.

Washegari da safe ina soya wake a kicin sai ga shi. Sunansa Mista Brendan. Ya ɗauki finjali ya ce in koya masa girgizar nan, don ya tsira da ransa nan gaba. Turancina na zauren otal ne, guntu-guntu, amma mun fahimci juna. Ya ce shekara arba'in yana aikin otal, ya fara daga ɗaukar jaka, bai taɓa ganin ma'aikacin da ya riƙe ƙa'idar aikinsa har ta kai shi ga haka ba. Ya ce tunda na nuna masa al'adarmu sai da ya kusa suma, shi ma zai nuna mini tasu.

Bene ya fara hawa da ni, ya buɗe wani ɗaki. Tebur ne da kujeru, ba wani abin a zo a gani. Ya ce a nan, bayan sun ƙwaci kansu daga Ingila, wasu mutane suka zauna makonni suka rubuta kundin tsarin mulkin ƙasar na farko. Na ce a ɗakin otal? Ya ce a ɗakin otal, kuma ma'aikaci irina da irinsa ne ya riƙa shigo musu da shayi. Na sa hannu na shafa teburin. Ni na ɗauka ƙasa abu ce da ake tarar da ita, kamar dutse ko teku. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutane ne suke zama su rubuta ta da hannu, ana zuba musu shayi ba.

Daga nan ya ja ni taga, ya nuna mini lambun da ke ƙasa. Ya ce lokacin da 'yan garin suka yi wa Ingila bore, mayaƙansu a lambun nan suka haƙa ramuka, sojan Ingila kuma suka hau saman otal ɗin nan da babbar bindiga suna yi musu ruwan harsashi. Amma kullum sai a tsagaita wuta, domin mai kula da lambun ya shiga ya ba agwagin tafkin abinci, in ya fita a ci gaba. Na ce wasa yake yi. Ya rantse da kabarin uwarsa. Muka sauka muka shiga lambun, ga agwagi nan suna iyo abinsu, na tsaya ina kallonsu baki buɗe kamar baƙauye.

Yini guda muka yi da ƙafa. Ya ce wasu 'yan fashin teku daga ƙasashen ƙanƙara ne suka fara kafa garin a bakin kogi, daga baya Ingila ta zo ta zauna musu ɗaruruwan shekaru. Ya kai ni babban gidan waya, inda masu boren suka yi sansani, ya kama yatsana ya sa a wani rami a jikin ginshiƙi, ya ce harsashi ne, sun ƙi liƙewa don jikoki su taɓa. Ya ce an kama shugabannin boren an harbe su a kurkuku, ɗaya daga cikinsu rauni ya hana shi tsayuwa, sai aka ɗaure shi a kujera aka harbe. Yana faɗa muryarsa na rawa, mutumin da ba a ma haife shi ba a lokacin. Muka wuce majalisarsu, wadda gidan wani basarake ne na zamanin Ingila suka mai da shi wurin yin doka, mutane suna wucewa ta bakin ƙofa da kekuna, wata tsohuwa ma tana tsaye da kwali tana zagin gwamnati, ɗan sanda yana gaishe ta. Na matsa gefe don kada a kwashe da ni. Ya ce firaminista ke riƙe da mulki, kuma ranar da 'yan majalisa suka juya masa baya ya sauka. Magajin garin nan mai sarƙa kuwa, kansiloli ne suke zaɓarsa, shekara ɗaya tak, ya cire sarƙar ya rataya wa wani, ya koma hawa bas.

Abin da ya gama da ni a bakin kogi yake. Siffofin mutane ne na tagulla, dogaye, ramammu, da tsumma a jiki, suna tafiya wajen tashar jirgin ruwa, wani ya saɓo yaro a kafaɗa. Mista Brendan ya ce wata cuta ce ta taɓa kama dankalinsu, yunwa ta kashe na kashewa, saura suka bazu duniya. Ya ce ba gidan da ba shi da wani a waje. Shi ya sa a fadar shugabar ƙasa, domin mace ce a lokacin, akwai fitilar da ake bari a kunne a taga kullum, don duk ɗan ƙasar da ke nesa ya san ana jiransa. Na dubi matar da ke cikin siffofin nan, ta rungume ƙunshinta a ƙirji, sai na ga Inna a hanyar Sudan. Na juya baya na share ido. A nan ya tambaye ni.

"Kai ɗan ina ne?"

"A Jidda aka haife ni."

"To, Balaraben Saudiyya ne kai."

"A'a. Fasfona na Najeriya ne."

"Can ne gida ke nan."

"Ban san kowa a can ba."

"To, wa yake kunna maka fitila?"

Muka juya muka koma otal. Kwana biyu bayan nan ya kira ni ofishinsa. Ya ce baƙi daga ƙasashen Larabawa suna ƙaruwa, masu zuwa sayen dawaki da masu kawo 'ya'ya karatun likita, yana son wanda zai tarbe su yadda suka saba. Zai nema mini takardar aiki, daga baya iyali su biyo ni, bayan 'yan shekaru mu nemi zama 'yan ƙasa. Ya ce 'ya'yana za su yi zaɓe, in sun ga dama ma su tsaya a ƙofar majalisa da kwali. Na tambaye shi uwata fa. Ya buga waya nan da can, ya dawo fuska ba walwala. Ya ce mata da 'ya'ya hanya a buɗe take, amma uwa, a irin takardar da zan samu, kada in sa rai.

Na dawo Jidda da birnin nan a cikin kaina. Uwarku na fara gaya wa, a ɗakinmu na unguwar Bani Malik. Ba ku san ta da rawar kai ba, amma ranar sai da ta yi guɗa. Ita ma haihuwar nan ce, iyayenta Hausawan Sudan, ta san abin da ake nufi da a kwana ana tunanin iƙama. Kafin mako ya zagayo ta bi 'yan gwanjo ta samo muku rigunan sanyi, a garin da ba a san sanyi ba. Hanan, taki ja ce, ta kai miki har idon sawu, kika ƙi cirewa kina zufa. Na ce mata kada a gaya wa Inna tukuna, ni zan same ta da kaina in takarda ta zo. Bayan wata biyu takarda ta zo.

Na same ta da safe a tsakar gida, ta baje gyaɗa a faranti tana ɓarewa, wadda take ƙullawa ana sayar mata a bakin masallaci. Takardar tana aljihuna. Na zauna, na buɗe baki, sai ta riga ni.

"Ɗanjidda, ka ji Hajiya Talle ta dace? Jiya aka kai ta Makka. Bayan la'asar aka yi mata salla a Harami, mutane kamar ƙasa. Tare muka hau jirgin ruwa da ita fa. Saura ni."

Tana faɗa fuskarta na haske, kamar wadda ake yi wa albishir. Na zauna ina kallon hannuwanta. Na san Inna. Da na fito da takardar nan, ba za ta bari in kai ƙarshen magana ba, cewa za ta yi, "Yalla, tashi ka kai yaran nan inda za a san da su." Kuma na san abin da zai biyo baya. Iƙamarta za ta faɗi da tafiyata. Ko dai a sa ta a jirgi zuwa ƙauyen da duk wanda ya san ta ya mutu, ko ta sulale ta shige Makka ba takarda, ta ƙare kwanakinta tana ɓuya a bayan gidajen mutane. Tafiyar shekara huɗu da ƙafa, da ɗan da ta binne a hanya, duk su tashi a banza saboda ni. Na taya ta ɓare gyaɗa har farantin ya ƙare, na yi mata sai anjima, ban fito da komai ba.

Har nan ban ji kunyar abin da na yi ba, kuma ko yau aka mai da ni wurin nan, zama zan yi. Abin kunyar yana gaba. Na shiga ɗaki, uwarku tana tsaye tana jirana, rigunan sanyinku a kan gado.

"Abu Yusuf, me ta ce?"

Ya kamata in ce mata, ban gaya mata ba, ni ne na zaɓi uwata a kan takardun 'ya'yanki, ki yi fushi da ni. Na dubi idonta, na kasa. Ni da na tsaya a gaban Bature na zuba finjali goma sha ɗaya don kada in karya ƙa'ida, na kasa tsayawa a gaban matata da gaskiya ɗaya.

"Ta ce in na tafi ba ta yafe ba," na ce.

Uwarku ta ce, "Halas," ta ninke rigunan ta sa a ƙasan akwati. Na roƙe ta kada ta tayar wa Inna da maganar, ta yi alkawari, kuma 'yar halas ce, ta riƙe. Na rubuta wa Mista Brendan na ba shi haƙuri. Shi kaɗai na gaya wa gaskiya.

Kun ji. Kakarku ba ta hana ba. Ba ta ma taɓa sanin an ba ni aikin ba, har ta koma ga Allah. Abin da ta sani game da Dublin shi ne na je na dawo mata da bargo mai laushi.

Na yi zaton ƙaryar za ta kwanta a inda na ajiye ta. Ba ta kwanta ba. Uwarku ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba, abinci a kan lokaci, wanki a kan lokaci, amma hirar da suke yi da hantsi ta mutu. Ku kuma kun tsinci maganar a bakin ƙofa, kamar yadda yara suke tsinta. Duk shekarar da sabunta iƙama ya yi wuya, sai in ga kuna kallon ɗakinta. Hanan, ranar da aka ce ba ki da gurbi a jami'a saboda ke baƙuwa ce, kin wuce ta a tsakar gida tana miƙo miki hannu ba ki tsaya ba. Yusuf, da ka girma ka fita daga iƙamata, ka nemi kafili ka rasa, aka buga maka fita ba dawowa zuwa garin da ake yi wa Hausarka dariya, ka sumbaci kan kowa a gidan nan ban da nata. Ina tsaye ina gani. Sau nawa na buɗe baki, sai in ga shekarun sun yi yawa, in ce gobe. Shekara goma sha bakwai ta yi bayan takardar nan, ni kuwa kullum gobe.

Ta sami abin da ta roƙa. An yi mata salla a Harami, da hannuna na sa ta a ƙasar Makka. Amma akwai abin da ta ba ni in kawo muku, na riƙe. Kwana uku kafin ta rasu, da hantsi, ina ba ta kunu a cokali, ta kama hannuna.

"Ɗanjidda, in tambaye ka. Me na yi wa yaran nan?"

"Ba komai, Inna. Yarinta ce."

"A'a. Yusuf da ba ya cin abinci sai a cinyata. Akwai dai abin da na yi. Na yi tunani, na yi tunani, na kasa tunowa. Tsufa ne."

Na ce ta sha kunu. Ta kau da kai.

"Ko mene ne, ka ce su yafe mini. Ita ma uwarsu haka. Ka ce ban sani ba."

Na ce to, zan faɗa. Na san ranar da na faɗa sai kun tambaye ni abin da ba ta sani ba, shi ya sa na yi shiru har yau. Jiya na karanta wa uwarku wannan takarda tun daga farko. Abin da ta ce kawai shi ne a nemo mata mota zuwa kabarin Inna a Makka ranar Juma'a, kuma ba da ni ba.

Ga saƙon kakarku nan na isar. Ta ce ku yafe mata. Ba ta yi muku komai ba.